Wane taki za ka saya wa furanninka?

Ni dai a wurina babu kamar ruɓaɓɓen takin ganye, wato wanda aka haɗa da busassun ganyaye, ɗanyar ciyawa da ɓawon kayan lambu. Ba ya ƙona saiwa, yana sassauta ƙasa mai yumɓu, yana kuma sa mai yashi ta riƙe ruwa. Abincin da ke cikinsa a hankali yake fita, kuma haka fure yake so. Idan sinadarin naitirojin ya yi yawa, sai shuka ta yi ta ganye shar ba ko toho ɗaya. A tukunya nakan zuba kashi ɗaya na taki, kashi biyu na ƙasa. A kwami kuwa shimfiɗar santimita 3 zuwa 5 ta isa. Tsibin takin da aka riƙa juyawa yakan ɗauki zafi har digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Celsius, zafin da ke kashe yawancin irin ciyawa, kuma cikin wata 3 zuwa 6 ya nuna.

Kashin kaji yana da ƙarfi, amma ɗanyensa wuta ne. Taroson shanu ciyawa yake kawo maka. Kashin tana yana da kyau, sai dai tsada. Toka kuwa tana rage tsamin ƙasa, don haka kada ta kusanci gadeniya da sauran furanni masu son ƙasa mai tsami.

Abin da ya fi damuna algus ne. Na taɓa sayen taki buhu biyu baƙi wuluk, mai sayarwa yana ta rantsuwa ya nuna. Cikin mako biyu wardina guda shida suka yi rawaya suka bushe. Da na zazzage sai ga gutsattsarin leda da kwalba: ƙasar juji ce aka cuɗa da garin gawayi. Har yau abin yana min ciwo.

Saboda haka baƙin launi ba shaida ba ne. Sa a buɗe buhun. Taki nunanne ƙamshin ƙasa bayan ruwan sama yake yi. In ka ji zarni ko tsami, bai gama ruɓewa ba. Cusa hannu ciki, in da ɗumi, a bar shi. Damƙi kaɗan ka matse: ya dunƙule sannan ya wargaje, kada ruwa ya tsiyaya, don wasu jiƙa shi suke yi ya ƙara nauyi, wasu kuma yashi suke zubawa. Garin katako da aka rina shi ma yana nan, kuma naitirojin ɗin ƙasarka zai janye kafin ya ruɓe.

Akwai wanda ido ba ya gani, wato ragowar maganin ciyawa da ke bin kashin dabbobi. Kafin ka zuba wa furanni, shuka wake a ɗan gwangwani da takin, ka jira mako uku. In sabbin ganyen suka fito a murɗe, kada buhun ya shiga lambunka.