Titegroup ko Unique: wanne ya fi dacewa da mai koyon ɗura harsashin atisaye?

Wani ɗan'uwanmu ɗan unguwar Aboabo ta Kumasi a Ghana, wanda yanzu yake zaune a jihar Ohio ta Amurka, ya yi tambaya a kan albarushi. Ya ce ya sayi injin ɗura harsashi domin rage kuɗin da yake kashewa a filin koyon harbi, yana da fistol mai cin 9mm da kuma libarba mai cin .38 Special, kuma abokansa sun rabu biyu: wasu suna cewa ya sayi Titegroup, wasu suna cewa Unique. Malam, amsata ita ce ka fara da Unique ko wani mai kama da shi, ka bar Titegroup sai hannunka ya faɗa.

Dukansu biyu albarushi ne marar hayaƙi, wato irin wanda ya samo asali daga aikin Paul Vieille na Faransa a 1884, kuma dukansu ana haɗa su ne da naitiroselulos da naitirogilisarin. Bambancinsu yana wajen saurin ci da kuma girman wurin da suke cikewa a cikin kwanso. Titegroup na kamfanin Hodgdon yana cikin masu saurin ci, ƙwayoyinsa ƙanana ne masu nauyi, saboda haka ɗan kaɗan ake zubawa. Unique na kamfanin Alliant, albarushin da ya haura shekara 100 a kasuwa, yana ci a hankali fiye da shi, ƙwayoyinsa faffaɗa ne marasa nauyi kamar ɓarzajjen ganye, kuma yakan cika wuri.

Masu son Titegroup suna da hujjarsu. Ana auna albarushi da giren, kuma laba ɗaya tana da giren 7,000. Idan aka ɗauka, don lissafi kawai, cewa wani albarushi yana buƙatar giren 4 wani kuma giren 5, to laba ɗaya za ta ba da harsashi 1,750 a na farko, 1,400 a na biyu. Bugu da ƙari, yana zuba daidai daga ma'aunin inji, kuma bai cika damuwa da inda ya kwanta a cikin kwanso ba, ko gaba ko baya. Wannan ya sa masu gasar harbi da yawa suka riƙe shi. Amma a kuɗin harsashi guda, albarushi ne yakan zama kaso mafi ƙanƙanta, domin dalmar da ɗan ƙoƙon da ke tada wuta a gindin kwanso su ne ke cin kuɗi. Rarar da za ka samu ba ta kai a yi jayayya a kanta ba.

Matsalar tana fitowa ne a libarbar taka. An ƙirƙiri .38 Special a 1898 domin baƙin albarushi, shi ya sa kwansonsa yake da tsawo da zurfi, alhali matsin da SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai ta Amurka, ta ƙayyade masa bai wuce 17,000 ba a ma'aunin matsi na psi, na 9mm kuwa 35,000 ne. Awon Titegroup guda yakan kwanta can ƙasan irin wannan kwanso, har ido bai cika gane shi ba. Idan hankalin mutum ya ɗauku, waya ta yi ƙara ko yaro ya shigo, ya zuba sau biyu a kwanso ɗaya, kwanson zai karɓa ba tare da ya nuna alamar komai ba, kuma wannan kuskure yakan fasa bindigogin masu ɗura da hannu. Tazarar da ke tsakanin awon farawa da awon ƙarshe a littafin kamfanin ita ma siririya ce, sau da yawa ba ta kai giren guda ba, don haka ƙaramin kuskuren sikeli yana da nauyi. Da Unique, awo biyu a kwanson 9mm yakan cika shi har baki ko ya zube, a .38 kuma yakan taso yadda mai leƙawa da fitila zai lura da bambanci. Wannan ba kariya ba ce gaba ɗaya, amma ya ba ka damar ganin kuskurenka tun yana kan tebur.

Unique ma yana da nasa aibin. Faffaɗan ƙwayoyinsa ba sa zuba daidai daga wasu ma'aunai, musamman a ƙaramin awo, dole ka riƙa gwadawa a sikeli akai-akai, kuma idan aka yi masa awo mai sauƙi yakan bar dauɗa a cikin bindiga. Titegroup kuma yana ci da zafi ƙwarai, har bututu ya yi saurin ɗaukar zafi, kuma da dalma tsagwaronta yakan ƙara hayaƙi. Idan rashin daidaiton Unique ya dame ka, akwai Winchester 231, wanda shi da HP-38 abu ɗaya ne a gwangwani daban, yana zuba lafiya kuma yana tsakanin su biyun. N320 na Vihtavuori daga Finland ya fi su tsabta, sai dai yana da tsada.

Ban rubuta awon ɗuri ko ɗaya a nan ba, kuma kada ka karɓe shi daga bakin aboki. Ka ɗauko shi daga littafin kamfanin albarushin ko na kamfanonin kayan ɗuri irin su Lyman ko Hornady, wanda ya dace da nauyin dalmarka da irinta, ka fara daga awon farawa, kuma kada gwangwani biyu su hau teburinka a lokaci ɗaya.

Ga 'yan'uwa da ke gida Kumasi kuwa, wannan bayani ba ya nufin a gwada. Dokokin makamai na Ghana na 1962 da 1972 sun hana ƙera ko harhaɗa makamai da harsasai ba tare da izinin hukuma ba, kuma lasisin riƙe bindiga da 'yan sanda ke bayarwa bai haɗa da wannan ba. Sannan albarushin da mafarauta ke ɗurawa a bindigar toka baƙin albarushi ne na gawayi da kanwar bindiga da farar wuta, wanda ake zuba awo mai yawa. Duk wanda ya zuba ɗaya daga cikin waɗanda na ambata a bindigar toka da wannan awo, bututun zai tarwatse a hannunsa.