Sharhi: yini guda a Tiboli da 'yar jagora, daga kufan Hadiriyan zuwa lambun d'Este

Ni da yayata muka yanki tikitin wannan rangadi na yini ɗaya daga birnin Rum zuwa Tiboli, wani gari da ke kan tudu kimanin kilomita 30 gabas da Rum. Kuɗin ya haɗa da mota, da tikitin shiga wurare biyu, da 'yar jagora, da ɗan abin sauraro da ake saƙalawa a kunne. Da farko na so mu tafi da kanmu a jirgin ƙasa, Yaya ta ce gwiwarta ba za ta ɗauki neman hanya ba. Ita ce da gaskiya, amma rabi.

Mun fara da Villa Adriana, gidan da Sarki Hadiriyan, wanda ya mulki daular Rum daga shekarar 117 zuwa 138, ya gina wa kansa a wajen gari. Sunansa gida, amma gari ne sukutum: faɗinsa ya kai kusan hekta 120, abin da ake buɗe wa baƙi bai wuce kashi ɗaya bisa uku ba. Da ni kaɗai na shiga, da bangon jan bulo da itatuwan zaitun kawai zan gani in fito. A nan 'yar jagorar ta ci kuɗinta. Ta tsayar da mu gaban ƙaramin samfurin wurin da ke kusa da ƙofa, ta nuna mana yadda yake kafin ya zama kango, sannan muka shiga da hoton a zuci. Ta kai mu wani zagayayyen tsibiri da ruwa ya kewaye, inda sarkin kan keɓe idan ya gaji da fadawa. Ta nuna mana bakin hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da bayi ke bi da itace da abinci don kada manyan baƙi su gan su. Wannan ya fi tsaya mini a rai fiye da ginshiƙan marmara.

Sai Kanopus, wani dogon tafki mai tsawon kusan mita 120, da aka raɗa wa sunan wani gari kusa da Iskandariyya a Masar. Gumaka sun yi sahu a bakin ruwa, har da na kada. Muna cikin kallo aka ce mu koma mota. Sa'a ɗaya da rabi aka ba mu, rana kuma ta take, inuwa ba ta da yawa. Ku zo da hula da gorar ruwa.

Abincin rana ba ya cikin kuɗin, kuma shi ya cinye lokaci fiye da kima, don sai da muka zauna jiran wasu da suka shiga kantuna. Abin sauraron nawa ma ya yi ta ƙara, sai an matsa kusa da 'yar jagorar ake ji.

Villa d'Este kuwa wani abu ne daban. Kadinal Ippolito d'Este, babban limamin cocin Katolika, ɗan Lucrezia Borgia 'yar Fafaroma Alexander na shida, ya zama gwamnan Tiboli a 1550. Ya nemi kujerar Fafaroma sau da dama bai samu ba, sai ya zuba dukiyarsa a wannan gida da lambunsa da ke kan gangare, mai zanen gine-gine Pirro Ligorio ya tsara masa. Babu injin turo ruwa a asalin aikin. An haƙa rami ta ƙarƙashin gari aka janyo ruwan kogin Aniene, gangaren ƙasa kaɗai ke tura shi ya yi ta feshi sama. Akwai doguwar hanya da ake kira Maɓuɓɓugai Ɗari, ruwa na zubowa daga bakunan duwatsu da gansakuka ta lulluɓe. Akwai kuma wadda ke busa kiɗa, ruwa ne ke tura iska cikin bututu. Mun yi sa'a mun tarar da ita, sautin siriri ne, sai kowa ya yi tsit.

Abin da ya ba ni dariya shi ne jin cewa marmara da gumaka da yawa na gidan Kadinal daga kangon Hadiriyan aka kwaso su. Ashe abin da muka ga babu shi da safe, nan ya taho. UNESCO ta sa gidan Hadiriyan a jerin kayan tarihi na duniya a 1999, na Kadinal a 2001.

A lambun ban ga amfanin jagora sosai ba. Ƙarar ruwa ta danne muryarta, wurin kuma na zama ne da yawo a hankali, ba na bin tuta ba. Matakala na da yawa, duk abin da ka sauka sai ka hau shi, ba wanda ya faɗa mana haka lokacin yankan tikiti. Yaya ta sauka har bakin tafkunan kifi, ta samu benci ta ce, "Je ki ƙarasa, ki ɗauko mini hoto." Hawowa ta ɗauke mu minti ashirin, mu ne na ƙarshe a mota.

Na ba masu rangadin uku da rabi cikin biyar. In zan koma, jagora zan ɗauka na kufan kaɗai, lambun kuma in shiga da yamma da kaina.