Saƙon murya ko gajeren bidiyo: wanne ya fi isar da kimiyya ga manomi?

Malam, ka ce kana karatun digiri na biyu a fannin kare amfanin gona a Samaru da ke Zariya, kana son fara bayyana wa manoma abin da kuke bincike da Hausa, kuma ka tambaya ko saƙon murya na WhatsApp ya fi dacewa ko gajeren bidiyo irin na Facebook da TikTok. Na gwada duka biyun, kuma shawarata ita ce ka fara da murya, ka ajiye bidiyo don abin da sai ido ya gani.

Ta fuskar kuɗi, tazarar tana da faɗi. Minti ɗaya na saƙon murya bai kai megabayit ɗaya ba, alhali minti ɗaya na bidiyo mai kyau yakan ci megabayit da dama, kuma wanda zai biya wannan data shi ne manomin Giwa ko Soba wanda sabis yake zuwa masa yana ɗaukewa. Kai ma da kake shiryawa, murya ba ta buƙatar komai sai waya da ɗaki marar hayaniya. Ni a cikin mota nake ɗauka, gilasai a rufe, domin kujerunta suna shanye amsa-kuwwa, kuma ƙarar janaretan maƙwabta ba ta shiga sosai. Bidiyo kuwa yana son haske, da abin kafa waya, da ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga saboda iska, sannan ga tacewa, wadda takan cinye maraicen da ya kamata ka zauna kan rubutun bincikenka.

Inda murya ta fi ƙarfi shi ne bayanin dalili. Ɗauki waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ta samar, aka kuma amince da sakinsa a 2019. Yana kare kansa daga tsutsar Maruca mai cin fure da kwanson wake, amma bai da kariya daga sauran ƙwarin da ke tsotson ganye da kwanso, shi ya sa ba a daina feshi gaba ɗaya ba, rage yawansa aka yi zuwa kamar sau biyu. Wannan magana ce da ake bi daki-daki, kuma hoto ba ya ƙara mata komai. Mutanenmu sun saba karɓar ilimin noma ta kunne tun daga shirye-shiryen rediyo irin waɗanda NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma ta ƙasa da ke Jami'ar Ahmadu Bello, ke shiryawa, don haka manomi zai saurare ka yana gyaran fartanya ko yana kan hanyar gona.

Sai dai akwai wurin da murya take gazawa ƙwarai. Tsutsar nan mai cin masara da ta fito daga nahiyar Amurka, wadda aka fara ganinta a Nijeriya a 2016, ana gane ta da wata alama a kanta mai kama da harafin Y a kife, da ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da wutsiya. Ko sau goma ka faɗi haka, manomi zai iya rikita ta da tsutsar kara da ya sani tun da. Daƙiƙa ashirin na bidiyo, ka buɗe tsakiyar ganyen masara ka nuna kashinta mai kama da garin katako, ka ɗora ta a tafin hannu, sun fi dogon jawabi. Kamarar wayarka ta isa, musamman in ka ɗauka da hantsi kafin rana ta yi tsanani. Haka ma awon magani a injin feshi na goyo: gara a ga murfin awo da ido.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda saƙon murya yake rabuwa da mai shi. Na taɓa yin bayani kan lokacin feshi a wata damina, sai ga shi bayan shekara biyu wani ɗan'uwana ya turo mini shi da rani, an ce wai jawabin wani babban jami'i ne. Tun daga nan nake buɗe kowane saƙo da sunana, da watan da nake magana, da amfanin gonar da nake nufi. Bidiyo yana ɗauke da fuskarka, wanda hakan yana ƙara yarda, amma in ka yi kuskure a adadi, gyaransa yana nufin sake ɗauka, kuma tsohon yana nan yana yawo.

Saboda haka ka tsara saƙo ɗaya a mako, kada ya wuce minti uku, magana ɗaya tak a cikinsa. Kafin ka tura, ka kunna wa wani dattijon manomi ko malamin gona, ka tambaye shi sunan da suke kiran ƙwaron da shi a garinsu, domin sunan da ke cikin littafinka ba lallai ne ya zama wanda ake faɗa a kasuwar Samaru ba. Bidiyon tsutsar masara kuwa, ka ɗauke shi makonni kaɗan bayan shuka, lokacin da ɓarnarta take bayyana a ganye.