Sailwave: manhajar lissafin tseren katamaran, da inda ake tuntuɓe

Sailwave manhaja ce ta kyauta da ake sa wa kwamfuta mai Windows, aikinta fitar da sakamakon tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska. Da zarar an sauke ta ba ta neman intanet, don haka ko a bakin madatsar Dadin Kowa aka kafa tebur, caji kawai kwamfuta ke buƙata. Babu Hausa a cikinta, kuma fuskarta ta tsufa, amma lissafinta ba ya ƙarya.

Katamaran jirgi ne mai jiki biyu, kamar an haɗa kwalekwale biyu da sanduna. Kafin a taɓa kwamfuta sai an san ajin kowane jirgi. Hobie 16 aji ne na ƙira ɗaya, duk jiragen iri guda ne. Formula 18 kuwa iyaka aka gindaya: tsawo mita 5.52, faɗi mita 2.60, nauyi kada ya gaza kilo 180, kowane kamfani ya ƙera nasa a cikin wannan iyaka. In aji ɗaya ne ke tsere, wanda ya riga isowa shi ya ci, magana ta ƙare.

Inda manhajar ke cin kuɗinta, duk da ba ta karɓar ko sisi, shi ne idan an gauraya azuzuwa. A tsarin SCHRS, wato tsarin ba ƙananan katamaran lamba gwargwadon gudunsu, ana raba lokacin da jirgi ya ɓata da lambar da aka ba shi. Formula 18 mai lamba 1.000 ya iso cikin minti 180, lokacinsa 180 ke nan. Wani jirgi mara gudu, a ce lambarsa 1.200, ya iso cikin minti 210, an raba ya koma 175. Shi ya yi nasara, ko da ya tarar mutanen farko har sun sha ruwa sun huta. Akwai kuma tsarin Texel na ƙasar Holan, inda ake tseren zagaye tsibirin Texel, da Portsmouth na Ingila.

A nan ne ake yin ɓarna. Lambobin SCHRS kusa da 1 suke, na Texel kusa da 100, na Portsmouth kuma ɗaruruwa ne zuwa sama da dubu. Ka kuskura ka sa wa jirgi ɗaya lambar Texel a cikin jerin SCHRS, to zai cinye kowane zango ko da shi ne kurar baya. Kuskure na biyu shi ne shigar da ƙarfen agogon isowa ba tare da ƙarfen tashi ba.

Sai zaɓin maki. A tsarin ƙaramin maki, inda mai mafi ƙarancin maki ke cin nasara, na ɗaya yana da 1, na biyu 2, wanda bai ƙarasa ba kuma ana ba shi yawan jiragen da suka yi rajista da ƙarin ɗaya: jirage 12, maki 13. A duba wurin da ake yafe wa jirgi mafi munin sakamakonsa, a mai da adadin yafiyar sifili in tseren zango-zango ne, don ba a yafe zango a doguwar tafiya. Irin su Worrell 1000, dogon tseren katamaran na zango-zango a Amurka, ma jimillar lokaci suke tarawa, ba maki ba. Mai son wannan salo ya rubuta tun kafin tashi awa nawa za a ɗora wa wanda bai kammala zango ba, ya kuma ajiye takarda da biro a gefe yana rubuta lokacin kowa da hannu.