Tiren renon shuka mai gurbi 128: amfaninsa da inda yake gazawa

Tiren roba baƙi da ake sayarwa a shagunan kayan noma yana zuwa da gurbi 72, 128 ko 200. Ga mai ɗan lambu a bayan gida, mai 128 ya fi dacewa. Gurbin mai 200 ya yi ƙanƙanta, saiwar tumatir kan cika shi kafin mako uku, shukar ta tsaya cak ta yi rawaya.

Babban amfaninsa shi ne ranar dashe. Shukar da aka tumɓuke daga fangali saiwarta kan tsinke, ta yi kwanaki tana yaushi. Ta tire kuwa da dunƙulen ƙasarta take fitowa, washegari ka same ta a miƙe. Ga tattalin iri, ƙwaya ɗaya a gurbi ɗaya, abin da mai sayen irin zamani mai tsada ya san darajarsa.

Amma kada a cika shi da ƙasar lambu zalla, tana daskarewa kamar bulo. A haɗa garin ɓawon kwakwa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki da aka tankaɗe kashi ɗaya, bayan an jiƙa garin an tsane shi sau biyu saboda gishirin da ke cikinsa. Zurfin shuka rabin santimita ya isa. A ɗora tiren kan katako ko bulo yadda gindinsa ba zai taɓa ƙasa ba, in ba haka ba saiwa ta bi ta huda ta kama ƙasa. Ruwa da safe, da buta mai ƙananan huji. Yawan ruwa da inuwa mai duhu su ke kawo ruɓewar gindi, ka tashi ka ga jere guda ya kwanta.

A yankin Kano da Zariya, tumatirin rani ana zuba irinsa daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, a dasa bayan kwana 21 zuwa 28, lokacin da ya yi ganye huɗu ko biyar. Haka zai yi fure cikin sanyin hunturu. Wanda ya makara har furen ya faɗa zafin Maris da Afrilu, zubewa zai yi. Attaruhu da tattasai suna da nawa, sai sun yi mako biyar zuwa shida. Kabeji mako huɗu. Saura kwana biyar a dasa, a rage ruwa, a riƙa fito da tiren rana. Dashen kansa sai bayan la'asar.

Karas, kuɓewa da alayyafo ba ruwansu da tire, kai tsaye ake shuka su.

Aibin tiren na gaskiya robar ce. Mai arha sirara ce, rana ɗaya ta bazara ta isa ta busar da gurbin ƙaƙas, kuma da wuya ta kai shekara biyu ba ta fara karyewa ba. A shago, a ɗaga shi ta kusurwa ɗaya. In ya lanƙwashe kamar takarda, a nemi wani.