Ulun Faransa da namu na Maradi, ga abin da idona ya gani

Salamu alaikum Yaya, da ku duka matan gidanmu na Sabon Gari, ina gajiya ina sanyi. Vokal ɗin da kunka aiko min ran Juma'a na saurara har sau uku, kowa na magana bisa ta wani, amma na gane tambayar ɗaya ce, wai ulun nan Faransa ya fi namu ne, kuma in ya fi to in cika akwati in aiko. To bari in rubuta muku a tsanake don vokal ba ya ɗaukar wanga zance, wadda ba ta da lokacin karatu a karanta mata.

Garin da nake Rube, kusa da Lil, arewacin Faransa gab da iyakar Beljiyam, kuma ikon Allah garin ulu ne tun asali. Da can masaƙu ne cike da shi, ko yanzu in kina tahiya za ki ga dogayen bututan hayaƙi na jan bulo tsaitsaye ba sa aiki. Babbar masana'antar ulunsu, La Lainière, an kulle ta a shekarar 2000, kuma kamfanin Phildar da ake jin sunansa ko'ina asalinsa nan garin ne. Shi ya sa tsofaffin matan nan kusan kowace ta iya riƙe kibiyar saƙa, wasu ma a masaƙun sunka yi ƙuruciyarsu.

Ranar da na fara shiga shagon ulu wlh tsayawa na yi bakin ƙofa kamar baƙauya, bango guda tun daga ƙasa har silin curin ulu ne jere launi launi, shuɗi kaɗai ya kai kala goma. Amma ba yawan ne ya fi tsaya min a rai ba, ƴar takardar da ke naɗe da kowane curi ce. Mu can babbar kasuwa ka ce a ba ka ulu ja, a zaro daga leda a miƙo, kauri da tsawo sai dai ki auna da ido da yatsa. Nan takardar ta gaya miki nauyi, yawanci giram 50 ko 100, ta gaya miki mita nawa ke ciki, da mi anka yi zaren, kibiya lamba nawa za ki sa, da ruwan da za ki wanke shi. Lambar kibiya milimita ce, watau lamba 4 kaurinta milimita 4. Sannan akwai ɗan zane mai kusurwa huɗu da ke cewa cikin santimita 10 ido nawa, watau ɗan madaukin zaren da ke hawa kibiya, za ki samu da layi nawa, misali zare matsakaici da kibiya 4 ido 22 ne layi wajen 30.

Wanga ɗan zane ku riƙe shi don shi ne maganin rigar da ke fitowa ko ta yi wa yaro jalala ko ta shaƙe shi. Kafin ki fara aiki ki saƙa ɗan ƙyalle kamar tafin hannu, ki ɗora mitar tela ki ƙirga ido nawa ne cikin santimita 10 a hannunki ke, don hannu ba ɗaya ba ne, Yaya ke hannunki matse yake ni nawa sake. In kin samu ido 22 kuma kan jariri sabon haihuwa wajen santimita 35 ne, lissafi ya ba ki 77, sai ki rage kaɗan don hula na son ta kama kai, ki ɗora 72, lamba ce da ke rabuwa huɗu huɗu in za ki yi bakin hular da ido biyu saƙar gaba, ido biyu saƙar baya. Da a gida ni ma kirdado nake yi in warware sau uku, ashe minti ashirin na gwaji ya wadatar. Kuma wannan ba sai da ulun Faransa ba, da ulun kasuwarmu ma yi ake.

Sai lambar rini, ita ce ta koya min hankali da kuɗɗina. Kowane curi na da lamba biyu, ta launi da ta tukunyar da anka rina shi, su nan bain suke ce mata. Bara na ɗauko saƙa wa babban yarona rigar sanyi koriya, na sayi curi 8 na ce sun isa, ina tsakiyar hannu na biyu zare ya ƙare. Na koma na sayo biyu, launi ɗaya suna ɗaya, ban duba ɗayar lambar ba. Cikin ɗaki da dare ba ka ganin komi, da safe na kai rigar bakin taga sai ga layi ya fito sarai a damtse kamar an ja da alli, sama kore mai duhu ƙasa mai haske. Na zauna na yi shiru, sati uku ina wanga aiki. Ƙarshe wata tsohuwa ta nuna min dabara, na warware zuwa inda tsohon zaren yake da saura, na riƙa saƙa layi biyu da tsoho layi biyu da sabo har sunka saje, yanzu sai wanda ya sani zai gane. Mu ma can haka take faruwa, ki sayi rabi yau rabi kasuwa mai zuwa sai ki ga jan ya bambanta mu ce mai shago ya cuce mu, alhali ba buhu ɗaya ba ne kawai. Ku riƙa sayen na aiki guda a tashi ɗaya, har da ƙarin curi ɗaya.

Maganar kuɗɗi kuwa, yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya. Akirilik mai araha, irin na shagunan Action da Zeeman, curi yuro 1 zuwa 2, kuma wlh bai fi wanda ke shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa da komi ba, ɗan taushi ne kawai. Amma ulun gaske na gashin tumaki, wanda suke kira merinos, giram 50 sai ki ba da yuro 5 zuwa 8, na alfaga wata dabba ta ƙasar Peru ma ya kan wuce haka. Rigar babba na cin curi 10 ko fiye, kin ga yuro 60 ke nan, kusan jikka arba'in, zare kaɗai ba a sa wahalar hannu ba. Shi ya sa nan ba a saƙa don araha, rigar kanti ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, masu yi don so suke yi ko don kyauta ga jika. Ni dai jira nake watan Janairu lokacin sold a karya kuɗɗi, ko in leƙa Emmaüs inda ake saida kayan hannu, can na samu leda guda ta kibiyoyi da ragowar zare na wata baiwar Allah a yuro 3. Farkon Satumba kuma akwai babbar kasuwar gwanjo ta Lil, kwana biyu gari duka ya koma kasuwa, nan ne kaɗai na ga ana ciniki irin namu har na ji kamar ina gida.

To yanzu amsar tambayarku. Ni a ganina kar in aiko muku da merinos, kuma ba rowa ba ce. Ulun tumaki ba ya son ruwan zafi ba ya son cuɗa, ruwa mai sanyi sanyi ko digiri 30, a matse a hankali cikin tawul a shimfiɗa a inuwa, ba a rataye shi. Ni da kaina na jefa wata hula ta merinos cikin mashin da sauran kaya, ta fito ta ƙanƙance ta yi tauri kamar tabarmar sirdi, ko kan ƴar tsana ba ta shiga, kuma in ya yi haka ya yi ke nan ba gyara. Ku tuna wankinmu, omo, buroshi, yara su murɗe su shanya a igiya rana ta kwana biyu tana dukansa. Ga asu da ke cin ulun gaske in an ajiye cikin akwati, mu kuma sanyinmu Disamba ne da Janairu da ɗan abin da ya taɓa Fabrairu, sauran wata tara kayan na ajiye. Akirilik ya fi jure mana, auduga kuma ta fi wa jarirai daɗi in sanyi ya fara sauka.

Abu ɗaya dai da nake roƙonku game da akirilik, wuta. Daga man fetur ake yinsa, ɗan uwan leda ne, in ya taɓa wuta narkewa yake ya manne a fata. Da asubar hunturu yara na kewaye murhu ko kaskon gawayi sanye da rigunan da munka saƙa musu, don Allah a riƙa ja da su baya. In kina son ki san abin da anka sayar miki, tsinki ɗan zare ki kyasta masa ashana a tsakar gida. Na tumaki zai yi ƙauri irin na babbakar kan rago ranar layya, ya mutu da kansa, tokar ta murmushe a yatsa. Akirilik zai narke ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri, warinsa na roba.

Wajen hidima kuwa kowa da inda ya fi. Shagon da nake zuwa in curi ya rage miki ba ki taɓa shi ba, ki koma da tike su karɓa su ba ki wani abu, wannan kam ya burge ni. Kina iya odar zare ta intanet ya iso shagon unguwa cikin kwana uku ki je ki ɗauka. Amma ba bashi, ba ragi, ba aiken yaro ya ce inji Inna, Lahadi kuma yawancinsu a kulle. Abin da ya fi ci min rai shi ne ranar da ido ya zame min a tsakiyar bargon jariri, na ɗauka na kai wani shago na ce don Allah a duba min, matar cikin fara'a ta ce sai in yi randebu in shiga ajin ran Asabar, yuro 15. Na fito ina tuna Gwaggo, da a gida ne sai in leƙa ta katanga, ta amsa ta gyara tana ba ni labarin biki, in dawo har da ƙullin ƙuli-ƙuli. Daga baya na gano akwai zaman saƙa kyauta a santar ta unguwa, mata su taru da kofi da biskit, can na samu tsofaffina, ɗaya ta haura tamanin hannunta na rawa amma in ta kama kibiya ko kallon aikin ba ta yi.

Ita ta koya min gyaran idon da ya zame, kuma ƙanwata ke da kike warware aiki duka saboda ido ɗaya ki ji. In ido ya kuɓuce zai gangara ƙasa ya bar zaruruwa kwance kamar matakan tsani. Fara soka masa fil kar ya ƙara gudu. Sai ki ɗauko kwarashi ki shigar cikin idon ta gaba, ki kamo zaren kwance na can ƙasa ki jawo shi ta cikin idon, ki kamo na bisansa ki jawo, ɗaya bayan ɗaya kar ki tsallake, har ki iso sama ki maida bisa kibiya. In wurin saƙar baya ce juya aikin ki yi ta ɗaya gefen. Lokacin maidawa ki duba kar idon ya murɗe, ƙafarsa ta dama ce ke zama ta gaban kibiya. Ramin da ke fitowa haka kawai kuma, yawanci zare ne ya hau kibiya ba ki lura ba kinka saƙa shi kamar ido, shi ya sa kike farawa da 60 ki tsinci 63, ki riƙa ƙirge duk bayan layi kaɗan. Gefen da ke nannaɗewa kamar tabarma ba laifinki ba ne, saƙar layi gaba layi baya halinta ke nan ko wa ya yi ta, ki sa mata ido 4 ko 5 na gaba zalla a kowane gefe ta kwanta. In bakin hula na matse goshin yaro, ɗora idon farko da kibiya mai kauri sannan ki koma ƙarama. Sabon curi kuma a haɗa shi a gefe, ƙulli a tsakiyar ƙirji ko an ɓoye sai ya leƙo bayan wanki. In aikin mai zane ne mai wuya, ki zura wani zare mai launi daban cikin idanun layi guda da allura, in kin ɓata gaba ki warware ya tsaya nan cak.

Abin da na saya muku dai kibiyoyi ne masu igiya, biyu haɗe da wayar roba, lamba 3 da rabi, 4 da 5, kowace lamba guda uku. Da su ake saƙa hula a zagaye ba ɗinki a baya, bargo ma duk faɗinsa ya zauna a cinya ba ya karya wuyan hannu, kuma ido ba ya zubewa in an jefa cikin jaka. Na haɗa da kwarashi shida, mitar tela guda biyu, da auduga fara curi 10 lambar rini ɗaya don kayan jaririn amaryarmu, kar kowa ya taɓa wannan. Wani ɗan garinmu zai taho ƙarshen wata ta Kazablanka, kilo 23 gare shi kuma ya ba ni biyu, in ya sauka Yamai zai sa a mota, Yaya ki bar wayarki a kunne. In sun iso ku taru gidan Inna ku kira ni bidiyo bayan la'asar ɗinku in nuna muku yadda ake haɗa zagayen farko kar ya murɗe. A gaida Gwaggo, a ce mata ina son hoton bargon nan mai zanen ƙafar kaza, gaba da baya, kusa kusa yadda zan iya ƙirga idon.