Mai wanki da guga ko gidan wankin zamani: ina za ka kai kayanka?

Idan sallah ta ƙarato, duk wanda ya bi ta Wunti ko Fadaman Mada a garin Bauchi zai ga igiyoyin masu wanki sun yi nauyi da kaya. Kafin ka miƙa naka, duba irin yadin da irin dattin da ke jikinsa, don su ne za su faɗa maka inda ya dace.

Wankin da ake kira dirai kilin ba a bushe ake yin sa ba, ruwa ne kawai ba a sakawa. Ana zuba kaya cikin inji tare da wani sinadari, galibi fakuloro-etilin, wanda masu sana'ar suka rungume shi tun shekarun 1930. Bayan wanki injin ya tace sinadarin, a sake aiki da shi. Gwanintarsa narkar da maiƙo: manja, man gyaɗa, turaren mai da ya zauna a wuyan riga. Kuma ba ya kumbura zare yadda ruwa ke yi, shi ya sa kwat ɗin ulu ke fitowa bai motse ba. Amma gishirin zufa da tabon zoɓo ko shayi ruwa suke so, sai ma'aikaci ya bi su da hannu ɗaya bayan ɗaya kafin a jefa cikin inji. Don haka ka nuna masa tabon, ka gaya masa ko na mene ne.

Sai dai ba duk shagon da ya rubuta dirai kilin a allo ne ke da wannan inji ba. Wasu injin wanki ne na ruwa da omo, sai guga mai tururi da leda mai kyau. Ba laifi ba ne, amma ka san abin da kake biya. Tambaya ɗaya ta isa: "Malam, da ruwa za ku wanke ko da sinadari?" Idan ya fara kame-kame, ɗauki kwat ɗinka ka yi gaba.

Shadda kuwa, ko Getzner ce ta Ostiriya, auduga ce, kuma ni a wurina ƙwararren mai wankin hannu ya fi mata. Ruwan sanyi, sabulu maras ƙarfi, ba burushi a kan aiki, a juya ta a shanya a inuwa, a sa sitaci daidai misali. Daga nan sai masu bugu. Ka tsaya ka gani: an ninke riga a kan gungumen itace, mutum biyu suna saukar da mabugi bi da bi, har zaren ya kwanta sheƙi ya dawo. Dutsen guga ba ya ba da wannan. Haɗarin mai wankin unguwa dai biyu ne, haɗa fari da mai zuba, da kuma dutsen gawayi. Ni kaina tartsatsi ya taɓa huda mini aljihun farar kaftani, ranar ɗaurin aure kuwa, sai haƙuri aka ba ni.

Hula ta masu wankin hula ce, su ke da abin ɗora ta har ta bushe ba ta karye ba. Atamfa da kayan yau da kullum, wankin gida ya wadatar.

Kayan kanti suna zuwa da 'yar takarda a ciki mai alamomin wanki. Da'ira na nufin wankin sinadari, baho mai giciye na nufin kada ruwa ya taɓa. A hoton dutsen guga, ɗigo ɗaya zafin kusan digiri 110 ne, biyu kusan 150, uku kusan 200.

Wajen miƙawa a ƙirga kaya a gabanka, a rubuta maka rasit, ka laluba aljihu saboda biro da goro. In ka karɓo, cire su daga leda, musamman cikin watan Agusta da damina ta zauna a Bauchi, domin danshin da leda ta riƙe shi ke jawo funfuna.